Kyautar da Aka Yi wa Mahmudu Mai Fanka

Duk wanda ya zauna a Nassarawar Kano kafin a canja hannun tuƙi ya san gidan Mai Lofe, ko da bai taɓa ganin Mai Lofen ba. Gidan yana can gefen gabas, inda unguwar Turawa ke ƙarewa gonakin Giginyu su fara. Daga nesa ake hango alamarsa, wani dogon ƙarfe mai ƙafa huɗu da ya zarce duk itatuwan layin, a ƙololuwarsa fukafukai uku na katako suna juyawa, da jela a baya mai karkata su duk inda iska ta fito. Fanka mutane ke ce mata, ko da yake ba fifita take yi ba, wuta take bayarwa. Mutumin da ke kula da ita kuwa ba a kiransa sai Mahmudu Mai Fanka.

Mahmudu mutumin Dutsen Marke ne, wani ƙauye a ƙasar Kazaure da ke zaune a gindin tsauni. Ubansa mai zuma ne, don haka tun kafin ya iya riƙe fartanya ya iya ɗaura amya a reshen da ko biri sai ya yi shawara. Rashin tsoron sama shi ya ba shi abinci. Shekarar da ma'aikatan rijiyoyi suka zo kafa famfon iska a kasuwar yankinsu, leburori suka yi cirko-cirko a ƙasa kowa na kallon ɗan'uwansa, shi kuwa ya soke sifana a ƙugu ya haye. Baturen aikin, wanda lofe ba ya barin bakinsa har ya zame masa suna, ya dube shi ya ce gobe ma ya dawo. Haka ya yi ta dawowa har shekara ashirin da biyu.

Da aka mayar da Mai Lofe Kano, wutar gwamnati ba ta riga ta kai layinsu ba. Sai ya sa aka aiko masa da fankar daga ƙasarsu a cikin akwatuna, su biyu suka haɗa ta cikin kwana tara. Babu noti ɗaya a jikinta da ba hannun Mahmudu ne ya ɗaure shi ba. Bai taɓa zama a aji ba, amma daga ƙasa, da kunne kaɗai, yakan gane ranar da take neman giris. Ya san cewa wutar da ta samu ba a shanye ta nan take, ana tara ta ne a batura goma sha shida da ke jere a wani ɗan ɗaki, kamar yadda ake tara hatsi a rumbu don ranar babu. Ya san baturan ba sa shan ruwan famfo ko na rijiya, sai ruwan sama, shi ma ba wanda ya bi ta kan kwano ba. Idan damina ta kankama yakan shimfiɗa tasoshi a tsakar fili ya tara, ya tace a kwalabe, matarsa Hajara kuma ta san ko ƙishirwa za ta kashe ta ba ta taɓa kwalaben nan. Idan hadari ya taso da iska mai ƙarfi, duk abin da yake yi zai ajiye ya ruga ya ja sarƙar da ke naɗe jelar, fukafukan su ba iska gefe.

Gaskiyar magana, iskar Kano malalaciya ce. Da kaka sai a yi mako guda fankar na tsaye kamar an yi mata laifi, ana cin abin da ke cikin batura a hankali. Mai Lofe da kansa yakan ce ba garin fanka ba ne. Ya taɓa auna iskar tsaunin Dutsen Marke da wasu 'yan kofuna masu juyawa, ya ce da can aka kafa ta da ta ninka abin da take bayarwa. Yakan ce kuma fanka sau ɗaya take cin kuɗi, ranar da aka saye ta, inji kuwa kullum sai an ba shi ya ci. Ko da wutar gwamnati ta iso, bai yarda an raba firjinsa da fankar ba. Maƙwabta suka yi ta dariya, firjin kuma bai taɓa hucewa ba.

Abin da ya mayar da hankalin Mahmudu gida mutuwar ƙaninsa Garba ce. Tsaunin nasu yana da kububuwa kamar an shuka ta, kowace kaka sai ta ɗauki wani. Ta sari Garba yana ɗaurin dawa, aka ɗora shi a jaki aka nufi Kazaure, ba a kai ba. A wajen zaman makoki malamin ɗakin shan magani na ƙauyen ya ce akwai allurar kashe dafin maciji, yana kuma da hannun yin ta, amma ba za a ba shi ya ajiye ba, domin sai a cikin sanyi take zama dare da rana, shi kuwa ko ƙwan lantarki ba shi da shi. Maganar ta tsaya wa Mahmudu a rai. Shi ne mutumin da ya shekara goma sha biyar yana sanyaya wa Bature man shanu da iska.

Ana cikin haka zamani ya juya. Kuɗin mai suka yi ambaliya, Turawa suka fara haɗa kayansu, gidajen Nassarawa suka riƙa komawa hannun 'yan kasuwa da 'yan kwangila. Mai Lofe ya sayar da nasa. Ranar tafiya, yana tsaye a bakin mota, ya kama hannun Mahmudu ya ce da gurguwar Hausarsa, "Fanka naka ne, kai gida." Sai dai takardar ciniki ta ce gida da duk abin da ke cikinsa, Mahmudu kuma ba ya cikin takardar. Bature mai auna iska da kofuna ya manta ya rubuta layi ɗaya.

Alhaji Zubairu ne ya sayi gidan, ɗan kwangilar hanyoyi, kuma kada wanda ya ce mugun mutum ne. Hannunsa a buɗe yake har ya yi yawa. Bai kori kowa ba, ya ce Mahmudu ya zauna ya kula da lambu, ya ƙara masa albashi ba a roƙe shi ba. A makon farko aka kawo janareta mai girman rumfa aka girke, domin a lokacin galan ɗin fetur bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba, wa zai tsaya jiran iska? Aka cire wayoyin fanka daga gidan. Ta ci gaba da juyawa tana cika baturan da ba wanda ke sha, Mahmudu kuma ya ci gaba da hawa kowace Alhamis da gwangwanin giris, kamar yadda ya saba.

A nan ya yi gaggawar da ba halinsa ba. Ya je gida da rani ya shaida wa dagaci cewa fankar tasa ce, za ta zo. Dagaci ya sa aka yi gayya. Mahmudu ya auna tazarar ƙafafun da igiya mai ƙulli huɗu, maza suka fasa dutse suka haƙa ramuka huɗu a kan tsaunin, mata suka yi ta hawa da ruwa a ka ana kwaɓa siminti. Malamin ɗakin shan magani ya rubuta takardar neman firji, aka ce masa in wuta ta samu za a duba. Abu ɗaya ya rage, a gaya wa mai gidan da fankar ke tsaye a cikinsa.

Wanda bai yi aiki a ƙarƙashin babban mutum ba zai ce mene ne abin wahala a nan. To, bara ba ya tsayawa gaban ubangidansa ya ce ba ni, balle ya ce wannan nawa ne, wani ya ba ni kafin ka zo. Akan nemi wanda ke da kunnen maigida ne, a ba shi saƙo, ya jira ranar da fuska ta saki ya ajiye maganar a hankali. In an ce a'a, ba wanda ya ji kunya, ana iya sake gwadawa bayan Sallah. In kuwa ido da ido aka ce a'a, magana ta mutu.

Hajara ba ta yarda da wannan lissafi ba. Ta ce, "Malam, ka je da kanka. Mutumin nan ba ya hana abu."

Ya ce, "Ko shekara ban yi a hannunsa ba. In buɗe baki in roƙi abu mai tsawon ƙafa sittin?"

"To wa ya san darajarta in ba kai ba? Wa zai iya faɗa kamar kai?"

"Ɗahiru zai faɗa."

Ɗahiru direban Alhaji ne, mutum mai fara'a da son a ce ya iya magana, shi ke tare da Alhaji daga Kano zuwa Kaduna su biyu a mota. Mahmudu ya same shi yana wanke tayoyi, ya tsuguna ya yi masa bayani tiryan-tiryan, tun daga Garba har ramuka huɗu. Ya ce ba ya son komai sai fankar da baturanta, shi zai kwance ta da hannunsa cikin kwana biyu, ya san mai babbar motar da zai ɗauka.

Ɗahiru ya ɗaga kai ya dubi fankar, ya dubi Mahmudu. Ya ce, "Baba, wannan tsohon ƙarfen?"

"Shi fa."

"Ka bar min. An gama."

Bai yi niyyar cuta ba, wannan shi ne abin takaicin. A hanyar Zariya, da ya ga Alhaji na cikin nishaɗi, sai ya auna maganar ya ga ba ta da kyan faɗa. Yaya za a ce dattijon da ke aiki a gidan Alhaji Zubairu yana roƙon tarkacen da Bature ya yar? Ai kamar an ce ma'aikatan gidan na cikin yunwa ne, kuma an rage wa Baba Mahmudu daraja. Saƙo irin wannan, a ganinsa, gyara shi ake yi kafin a miƙa. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, Baba Mahmudu na da wani buri, kunya ta hana shi faɗa. So yake ya kai wuta garinsu." Alhaji ya ce ai wannan aikin lada ne, me ya sa ba a gaya masa tun tuni ba.

Ranar Laraba da hantsi aka ce Alhaji na kira. Mahmudu ya wanke hannu ya zo ya tarar da baranda cike da baƙi, ga wani sabon kwali a tsakiya. Ya cire takalmi ya durƙusa.

Alhaji ya ce, "Malam Mahmudu, an gaya min abin da ke ranka. Mutumin da ya tuna da garinsu ba a barinsa shi kaɗai. Ga janareta nan sabo fil, ko buɗe shi ba a yi ba, da duro ɗaya na fetur. Motar kamfani za ta kai maka har gida."

Baƙi suka ɗauki addu'a, Allah ya ƙara arziki, Allah ya saka da alheri. Mahmudu ya ji bakinsa na godiya tare da su. Yana cikin neman inda zai sa maganar fanka sai Alhaji ya riga shi.

"Sannan wancan tsohon ƙarfen, an ce kai kaɗai ka iya tsayar da shi. Ka hau ka ɗaure shi, masu walda na nan tafe. Gareji za a yi a wurin, ina so a share kafin Juma'a."

Mahmudu ya waiga wajen fankar. Kwalin na gaban gwiwarsa, amin ɗin baƙi ko gama sauka ba ta yi ba. In ya ce fankar yake so, ya ce kyautar ba ta yi ba ke nan, a gaban mutane. In ya ce a haɗa masa da ita, ya zama wanda aka ba sabo yana hangen tsoho. Ko wanne ya faɗa kuma, ya tona Ɗahiru, wanda ke tsaye a jikin ginshiƙi yana murmushi kamar uban biki. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "To, ranka ya daɗe."

Bazara ce, iska kuma ranar ta tashi da kyau, irin wadda yakan yi mako yana jira. Ya ja sarƙa, jelar ta naɗe, fukafukan suka rage gudu. Ya hau a hankali, ya kama su ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure da igiya. Daga can sama ana ganin rufin gidajen Nassarawa har zuwa Gawuna, kusan kowane gida da ɗan hayaƙin injinsa. Ya daɗe bai sauko ba, har wani daga ƙasa ya tambaya ko lafiya.

Da ya sauko ya matsa kusa da babban mai waldan ya ce ƙasa-ƙasa, notinan nan duk suna kwancewa, ba wanda ya ci tsatsa, in za a ba shi kwana biyu. Mutumin ya ce shi yini ɗaya aka ba shi, kuma ba sifana ya zo da ita ba. Suka sa wuta a ƙafafu biyu, suka ɗaura igiya suka ja. Fukafukan ne suka fara isa ƙasa, suka tarwatse. Kafin la'asar an yanka ƙarfen gunduwa-gunduwa an loda, an fasa baturan an zubar da ruwansu a kwata don a ciri darmar ciki. Mahmudu na tsaye da tiyo a hannu yana ba furanni ruwa, don ba a ce ya daina ba.

Ɗahiru ya zo ya dafa shi. "Baba, ka ga aiki? Tsoho ka nema, na samo maka sabo."

Mahmudu ya ce, "Na gani. Allah ya saka."

Hajara ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta zuba masa tuwo, ta ɗauke shi yadda ta ajiye.

A Dutsen Marke an tarbi janareta da guɗa. Aka girke shi a ƙofar gidan dagaci, aka ja waya zuwa masallaci da ɗakin shan magani, da magariba ƙwan lantarki bakwai suka kama, tsofaffi suka yi ta sa wa Mahmudu albarka. Bai taɓa samun girma irin na ranar ba, bai kuma taɓa jin baƙin ciki irin nata ba. Malamin ɗakin shan magani ne kaɗai ya ja shi gefe ya tambaya, injin nan zai iya yi ba tsayawa? Mahmudu ya ce ba a yi shi don haka ba, na sa'a uku ne ko huɗu, sannan ya huta. Malamin ya ce to firji bai san hutu ba.

Duk da haka sun gwada, don a samu abin rubutawa a takarda. Suka bar shi yana yi dare da rana, duron da aka ce zai kai su damina ya ƙare kafin wata ya mutu. Fetur yana da arha, gaskiya ne, amma a bakin famfo yake da arha. Kafin ya hau keke daga Kazaure ya iso tsauni ya zama wani abu dabam, shekarar kuma ta zo da dogon layi a gidajen mai, sai mutum ya yini ya dawo da galan wayam. Aka koma kunna shi ranar Juma'a kawai. Cikin wata na huɗu ya yi wata ƙara ya tsaya, aka rufe shi da tabarma a zauren dagaci. Ba a sake tayar da maganar firji ba.

Kakar shekarar maciji ya sari mutum uku, biyu ba su tashi ba. Ɗaya daga cikinsu Raliya ce, 'yar Garba, tana da goyo. Ba wanda ya ɗora wa Mahmudu laifi. Har cewa aka yi ai shi ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya kawo inji sabo, sauran na Allah ne. Da zaginsa aka yi da ya fi samun sauƙi.

Bayan sadakar arba'in ya dawo Kano ya ce wa Hajara ta haɗa kaya. Ya je yin sallama ya sami Alhaji shi kaɗai a baranda yana karin kumallo. Alhaji ya yi ta'aziyya, ya yi ƙoƙarin hana shi tafiya, da ya ga ba zai tsaya ba sai ya tambaya, yaya injin, yana nan yana yi?

Sau uku a baya an yi masa wannan tambaya yana cewa lafiya lau. Yau da yake ba shi da sauran abin da zai kare, sai ya faɗi gaskiya. Ya faɗi ta ramuka huɗu, da allurar da ke son sanyi, da abin da Mai Lofe ya ce a bakin mota, da ainihin saƙon da ya ba Ɗahiru. Bai ɗaga murya ba, bai kuma ɗaga kai ba.

Alhaji ya ajiye kofin shayi. Ya daɗe yana kallon garejin.

Ya ce, "Malam Mahmudu, kyauta na ba da ita. Ko kwabo ban karɓa ba, har na sallami masu yankan daga aljihuna. Da ka ce kana so, da motata za a kai maka, in sa a kafa maka. Me ya hana ka gaya min?"

Alhaji ya nuna ƙasan barandar da yatsa.

"A wurin nan kake durƙushe. Kalma ɗaya ce."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

Alhaji ya ce zai sa a nemo wata, ko daga ina ne. Ya kuwa sa an tambaya, aka dawo aka ce masa kamfanin da ke yin irinta ya daɗe da rufewa, ba mai saye tun da mai ya wadata. Ya aika wa Mahmudu da shadda turmi biyu da buhun shinkafa, Mahmudu ya aiko da godiya.

Ya yi shekara shida a Dutsen Marke kafin Allah ya karɓi abinsa. Yana noma 'yar gonar gado, yana zuwa masallaci, ba ya shiga maganar da ba a sa shi ba. Mutanen ƙauye sun san ya yi aiki da Bature, don haka sukan kawo masa rediyo ko tocila ko keken ɗinki in sun lalace. Sai ya juya abin a hannu, ya miƙa wa mai shi, ya ce a kai Kazaure, shi manomi ne.